Ranar da kotu ta karɓi makullan gidan likita

A Yamai, idan masu binciken ma'aikatar lafiya suka tarar da kilinik tana aiki ba takardar izini, ko ɗakin tiyatarta ya zama tarko, abin da aka saba shi ne a garƙame ta. Amma kwaɗo a ƙofa ba ya sallamar mai jegon da ke kwance da ƙarin ruwa a hannu. Shi ya sa a jihohi da dama na Amurka hukumar lafiya kan roƙi kotu ta naɗa mai riƙon ƙwarya, ya karɓi gidan daga hannun mai shi har a gyara ko a kwashe majinyata. A nan Nijar, mafi kusa da haka yana cikin dokar kamfanoni ta OHADA (ƙungiyar ƙasashen Afirka masu bin dokar kasuwanci iri ɗaya) da aka sabunta a 2014: alƙali na iya naɗa manajan wucin gadi na wata 6, da tsawaitawa duka kada ya wuce wata 12. Sai dai don kamfanin da tafiyarsa ta cije aka yi ta, kuma masu hannun jari ko shugabanninsa ke neman ta. Majinyaci ba ya cikin lissafinta, sai wanda aka naɗa ya shigar da shi.

Ga duk wanda aka naɗa ya riƙe gidan likita, darasin farko yana jikin takardar alƙali. In ba ta ambaci asusun banki, makullin farmasi da ikon dakatar da ma'aikaci ba, mai riƙo zai wuni bakin ƙofa yana gardama da dangin mai gida. A shiga da mai rubuta shaida na kotu, a ƙirga kaya tun ranar, a sa hannu.

Sannan gado-gado, kafin a taɓa littafin kuɗi. Wa ke kan iskar oksijin? Wa ke naƙuda? Wa aka yi wa tiyata jiya? Na'urar da ke tace oksijin tana tsayawa da zarar an ɗauke wuta, don haka a tada janareta a ji da kunne, a leƙa tankin gazuwal, a tabbatar akwai tulun oksijin cike a gefe.

Firji shi ne wurin da aka fi rufa-rufa. Allurar rigakafi, insulin da oksitosin (allurar tsayar da jini bayan haihuwa) suna son digiri 2 zuwa 8, jini kuwa 2 zuwa 6. Ana rubuta ma'auni safe da yamma. In aka ga takardar da lamba ɗaya tak wata guda cur, da biro ɗaya, an cika ta ne a zama ɗaya. A Tawa, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, oksitosin da ya daɗe cikin zafi yana rage ƙarfi, kuma kwalbar ba ta nuna komai. Sai mace ta haihu jini ya ƙi tsayawa ake ganewa. Abin da aka yi shakkarsa a ware shi, ko da tsadarsa ta yi ciwo.

Haka tukunyar gasa kayan tiyata. Ta busasshen zafi tana son digiri 170 na awa guda, kuma ƙirgen yana farawa ne bayan zafin ya kai, ba daga kunnawa ba. Wannan kuskuren ya yi yawa ƙwarai. Har a tabbatar da ita, a tsayar da duk tiyatar da za ta iya jira.

Ma'aikata fa? A duba takardar kowa da rajistarsa ta aiki, amma a biya albashi da wuri, domin ungozoma da mai jinyar dare ne suka san wane majinyaci ke shan me. In suka watse, sanin ya tafi da su.

Gidan da bai taɓa samun izini ba, galibi aikin mai riƙo shi ne ya kwashe mutane lafiya ya rufe. A kira Babban Asibitin Yamai ko Maternite Issaka Gazobi a ji akwai gado kafin motar ta tashi, kuma kowane majinyaci ya tafi da takardarsa, ɗauke da maganin da aka ba shi na ƙarshe da ƙarfe nawa aka ba shi.