'Ya'yan zongo a makarantar ƙauyen da nake koyarwa

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke ɓangaren Ejura, a arewacin yankin Ashanti na ƙasar Ghana, amma gidanmu yana Aboabo a nan Kumasi, kuma a nan iyalina suke zaune. Duk wanda ya ji inda nake aiki daga cikin mutanen unguwarmu, da jaje yake farawa, sannan ya tambaye ni ko ba ni da wanda zai tsaya mini a dawo da ni gari. Na san da zuciya ɗaya suke faɗin haka, sai dai abin ya nuna mini cewa mu mutanen zongo na birni ba mu san yadda 'ya'yan 'yan uwanmu manoma suke karatu ba, alhali masarar da muke tuƙa tuwon zafi da ita, da waken da muke dafawa da shinkafa kowace safiya, da yawansu daga gonakin iyayen yaran nan suke fitowa.

Makarantarmu tana farkawa tun kafin ƙarfe bakwai. Yara suna zuwa da tsintsiya a hannu, kowane rukuni da ɓangaren filin da yake sharewa, manyan kuma su tafi rijiyar burtsatse su ciko bokitan wanke hannu. Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen wilin mota ne da aka rataye a reshen mangwaro, kuma da an buga shi sai a yi layi aji-aji, a rera taken ƙasa, a yi alkawarin biyayya ga Ghana, a duba farce da kayan makaranta, sannan masu ganga su kaɗa a shiga aji da maci. Malami ɗaya ne yake riƙe da aji tun safe har tashi, shi ne mai lissafi, shi ne mai Turanci da kimiyya, shi ne kuma mai tarihin ƙasa, wanda aka dawo da shi a matsayin darasi mai zaman kansa a sabuwar manhajar da aka fara aiki da ita a watan Satumba na 2019.

Rajistar aji tana bin gona da kasuwa fiye da yadda take bin kalandar ofishin ilimi. A ƙasar Ejura sau biyu ake noman masara a shekara, don haka kusan kowane zangon karatu yana cin karo da shuka ko karyar masara ko roron wake, kuma a irin waɗannan makonni kujerun manyan yara ne suke fara zama wayam. Ranar Litinin, da yake ita ce babbar kasuwar Ejura, 'yan mata da yawa suna bin iyayensu mata riƙon ƙanne ko ɗaukar kaya. Idan kuma aka kwana ana ruwa, yaran da ke zuwa daga rugage da bukkokin gona ba sa iya tsallake rafi, waɗanda suka zo ɗin ma idan ruwan ya sake saukowa a kan kwano babu mai jin muryar malami sai an ɗauke. Ba na ganin laifin iyaye a kan duk wannan, domin manomin da ba shi da kuɗin ɗaukar 'yan ƙodago ba shi da wasu hannuwa sai na 'ya'yansa. Abin da nake roƙonsu kullum shi ne su riƙa faɗa mana tun da wuri, don mu san inda za mu tsaya da darasi da yadda yaron zai cimma 'yan uwansa idan ya dawo.

Abubuwa biyu da gwamnati ta ɓullo da su a 2005 sun sauya fuskar irin makarantunmu. Na farko shi ne ɗan kuɗin da ake ba makaranta a kan kowane yaro a madadin kuɗaɗen da a da ake karɓa daga iyaye, na biyu kuma shi ne ciyar da yara abinci mai zafi sau ɗaya a yini. Wanda bai zauna a ƙauye ba ba zai gane nauyin wannan kwanon shinkafa da wake ba. Akwai yaran da suke tahowa da ƙafa daga nesa ba tare da sun sa ko koko a cikinsu ba, kuma a duk makon da aka sami tsaiko hayaƙi bai tashi a madafa ba, da an fita hutun tsakar rana sai ka ga aji ya ragu, domin wanda ya je gida neman abinci ba ya dawowa.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne batun harshe. Tsarin ilimin ƙasar nan ya tanadi cewa a ƙananan azuzuwa a koyar da yaro da harshen gida tare da Turanci, sannan daga aji huɗu Turanci ya karɓi ragama. Harsuna 11 ne aka amince a yi amfani da su a makarantu, cikinsu akwai Twi na Asante da na Akuapem, da Fante, da Ewe, da Ga, da Dagbani, da Gonja, amma babu Hausa, duk da cewa gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana karanta labarai da ita. A wurinmu Twi na Asante ne, wanda muke ce wa Tonanci. To, a ajina akwai 'ya'yan Tonawa, akwai Dagombawa da Konkomba da Farafara da Kotokoli da Fulani da Hausawa, kuma mafi yawan 'ya'yan zongo Hausa ce take haɗa su a gida da wurin wasa. Yaron zongo mai shekara shida yana tashi da Hausa, bayan Asuba ya riƙe allo yana biya Larabci, ya zo makaranta a yi masa bayani da Tonanci, a kuma rubuta masa Turanci a allon aji. Idan ya yi shiru sai a ce daƙiƙi ne.

Akwai wata yarinya da na gada a aji biyu, wadda aka gaya mini tun farko cewa kada in wahalar da kaina da ita. Ba ta ɗaga hannu, ba ta amsawa, idan aka rubuta lissafin ɗebewa a allo sai ta kwafi lambobin da kyau ta bar wurin amsa. Wata rana na tsuguna kusa da bencinta na ce mata da Hausa, a hankali yadda sauran ba za su ji ba: "'Yata, idan Inna ta zuba miki ƙosai goma a faranti, kika sayar da bakwai, saura nawa?" Ban rufe baki ba ta ce saura uku, ta kuma ƙara da faɗin kuɗin da za ta kai wa Innarta da canjin da za ta ba wanda ya miƙo mata sidi biyar. Yarinyar da ta daɗe tana lissafin ciniki a kanta kowace yamma ita ce aka yanke wa hukuncin cewa ba ta da kan lissafi. Daga ranar na riƙa maimaita kowane sabon bayani da Hausa bayan Tonanci, ina kuma zaunar da wanda ya ji harsunan biyu kusa da wanda bai ji ba. Ban ce ta zama ta ɗaya a aji ba, amma yanzu tana ɗaga hannu, tana kuma gardama idan ta ga an ci ta a maki.

Makarantar allo ma tana barin alamarta a kan yaran, kuma a ganina alherinta ya fi yawa. Wanda ya saba da allo ya san zama wuri ɗaya, ya san hadda, ya kuma riga ya gane cewa kowane baƙi yana da sautinsa, abin da yake sauƙaƙa masa koyon haɗa baƙaƙen boko. Abin da kawai ake gyara masa a makonnin farko shi ne buɗe littafin rubutu ta baya da fara layi daga dama. A nan Kumasi mun sami sauƙi tun da aka kafa Sashen Ilimin Musulunci a ƙarƙashin Hukumar Ilimi ta Ghana a 1987, domin a unguwanninmu akwai makarantun da suke haɗa boko da Arabiyya a ƙarƙashin rufi ɗaya, gwamnati tana turo malamai. A ƙauyenmu babu irin wannan, kuma har yanzu akwai dattawan da suke tuna zamanin da yawancin makarantu na mishan ne, lokacin da iyayenmu suke tsoron kada yaro ya tafi da sunansa ya dawo da wani. Shi ya sa a safiyar da ake yin ibada a makaranta, muka shirya da hedimasta cewa yaran Kirista su yi tasu a aji, ni kuma in zauna da yaran Musulmi a gindin mangwaro mu yi ƙananan surori da addu'o'i, a inda duk uban da ya wuce zuwa gona zai gan mu da idonsa.

Bukukuwan shekara su ne suke fito da mutanen gari. Macin 6 ga Maris, ranar da Ghana ta sami 'yanci a 1957, ana shafe makonni ana gwajinsa cikin zafin rana, kuma uwar da ba ta taɓa leƙo aji ba za ka gan ta ta wanke kayan makarantar ɗanta ta goge da dutsen guga na gawayi, ta tsaya a bakin fili tana rangaɗa guɗa idan layinsu ya zo wucewa. Akwai wasannin guje-guje da ƙwallo tsakanin makarantun kewaye, akwai kuma ranar rufe zangon karatu, da yara suke zuwa da kayan gida da abinci a kwano, a ci tare, a yi kiɗa.

Taron iyaye da malamai ne ya daɗe yana ba ni takaici. Da Tonanci ake yinsa daga farko har ƙarshe, mazan zongo ba sa zuwa, matan da suka zo kuma suna zama a bencin baya, su tashi ba su ce uffan ba. Na je na sami wani dattijo da ake jin maganarsa a zongo, na gaishe shi, na kawo masa kukana. Sai ya ce: "Ticha, mu da ba mu yi boko ba, me za mu je mu faɗa a gaban masu karatu?" Na ce masa: "Baba, Allah ya ƙara girma, ba Turanci za a tambaye ku ba. Maganar rufin aji za a yi da maganar jikokinku, kuma kun fi mu sanin yadda ake samun kuɗi a garin nan." Ya yi shiru, sannan ya ce in gaya wa Liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a. Hedimasta kuma ya amince in riƙa mayar da duk abin da aka faɗa da Hausa.

A wannan taron ne aka tattauna batun ajin ƙananan yara da iska ta yaye wa kwano a farkon damina. Malamai sun kawo shawarar a yanka wa kowane uba kuɗi, sai dattijon nan ya miƙe ya ce manomi ba shi da kuɗi a wannan lokaci, amma idan aka jira kaka kowane gida zai iya ba da masara daidai ƙarfinsa, a tara a kai kasuwar Ejura a sayo kwano da ƙusa. Tonawan da ke wurin suka yi na'am, domin su ma manoma ne. Da lokaci ya yi, dagacin garin ya sa mai shela ya zaga da ƙugensa, Sarkin Zongo ya sa aka faɗa a masallaci, aka sa aikin gayya ranar Alhamis, wadda bisa al'adar Tonawan garin ba a shiga gona. Kafintocin zongo suka hau sama, matasa suna miƙa katako, mata suna kawo ruwa da koko. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma tun daga wannan aiki mazan zongo suke zuwa taro, har an sa ɗaya daga cikinsu a kwamitin kula da makaranta.

Inda nake so mutanen Kumasi su saurare ni da kyau shi ne abin da ke faruwa daga aji biyar zuwa shida. Kundin tsarin mulkin 1992 ya ce ilimin tushe kyauta ne kuma dole ne, kuma ilimin tushe a yau shekara 11 ne: biyu a ajin ƙananan yara, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, inda ake rubuta jarrabawar kammalawa da ake kira BECE. Tun watan Satumba na 2017 babbar sakandare ma kyauta ce. Amma yaron da bai ƙarasa firamare ba bai ci moriyar ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ƙaramar sakandaren da yaranmu suke zuwa tana wani gari ne, tafiyar da take gajiyar da wanda ba shi da keke, kuma a daidai wannan gaɓa ce 'yan uwa daga birni suke zuwa biki ko gaisuwar mutuwa, su ga yarinya mai hankali da kuzari, su ce a ba su ita riƙo. Iyaye suna bayarwa da farin ciki, suna zaton karatun birni za ta yi. Wasu suna cika alkawari, Allah ya saka musu da alheri. Amma na taɓa cin karo da ɗalibata a tashar Kejetia da ke nan Kumasi da bahon ruwan leda a ka, a ranar Juma'a da hantsi, lokacin da sa'o'inta suke aji, kuma da ta gan ni sai ta juya fuska.

Duk wanda zai ɗauko yaro ko yarinya daga ƙauye zuwa Aboabo ko Asawase ko Sabon Zongo, ina roƙonsa ya biya ta makarantar kafin ya hau mota, ya karɓi takardar sauyin makaranta da katin sakamakon yaron daga hannun hedimasta, ya kuma kai shi makarantar gwamnati mafi kusa da gidansa a makon da suka iso, kafin a saba da aikensa. Rubuta takardar ba ta ɗaukar yini, kuma da ita ne mu ma za mu rubuta a rajista cewa yaron ya sauya makaranta, maimakon mu ci gaba da kiran sunansa kowace safiya har zangon karatu ya ƙare.