Mata ne suke tsalle haka?

Yau a shagon cajin waya na ƙauyenmu, nan gefen Ringim, wani yaro yake nuna mana bidiyon gasar ƙwallon hannu ta matan Afirka da Kongo ta karɓi baƙunci a Kinshasa a 2024. Angola ce ta ɗauke kofin, kamar yadda ta saba. Ƙanwata ta leƙo da tallanta a ka, ta ce, "Yaya, mata ne suke tsalle haka?"

Na ce mata ai matan Najeriya ma sun ci kofin nan a Alƙahira a 1991, har suka je Olimfik a Basilona. Dariya ta yi, ba ta yarda ba. Yarinyar da in ta jefi mangwaro ba ta kuskure! Makarantarsu kuwa ko raga babu. Da a Kano za a yi gasar nan, wallahi da ni zan biya mata kuɗin mota.