Ranar juye a bakin kogin Kwara

Talata, Yawuri.

Yau ban ɗauki fasinja ba. Injin jirgin ruwana ya cika awa 100 tun juyen baƙin mai na baya, kuma abin da littafin Yamaha ya ce ke nan, duk awa 100 ko shekara guda, wanda ya riga zuwa. Mu da muke tsallakar da mutane da kaya tsakanin Zamare da Rofiya ba ma jiran shekara. Yawancin abokan aikina injinsu mai lamba 40 ne, wato ƙarfin doki 40, irin wanda ake haɗa masa mai a cikin fetur, su babu ruwansu da juye. Nawa mai lamba 60 ne, baƙin mansa daban, filtarsa daban. Ba ya shan fetur kamar nasu, amma yana da nasa hakkin.

Da hantsi na tayar da shi a cikin ruwa, na bar shi ya yi kamar minti 10. Da sanyin hunturun nan, man da ya kwana ba ya sauka da daɗi, kuma dattin yana kwance a ƙasa sai zafi ya motsa shi. Daga nan muka juya gindin jirgin zuwa tudu, samari suka taya mu jan shi kan gungume biyu. Ɗan yayata ya haƙa rami a ƙarƙashin ƙafar injin don ya samu ya tsaya a miƙe, muka shimfiɗa buhu a ciki, muka zuba ɓuntun shinkafa, sannan muka ɗora daro. Ɓuntu ba ya wuya a garin nan, kuma duk abin da ya ɗiga a kansa kwashewa za ka yi gaba ɗaya.

Yaron ya ga shirin ya yi yawa. Ya ce, "Kawu, duk wannan saboda mai lita biyu?" Na ce masa ya miƙo mini wuƙa.

Inda ake ɓata waje shi ne wurin notin juye. Man ba ya faɗowa kai tsaye, bin jikin ƙafar injin yake yi, ya gangara har kan farfela, daga nan kuma sai yashi. Don haka na yanka gorar ruwa ta roba a tsaye, na yi masa indararo, na manna bakinta da salatif a ƙarƙashin notin. Na sassauta da sufana, na ƙarasa da yatsu ina danne shi ciki har zaren ƙarshe, sannan na janye hannu da sauri. Ya sauko baƙi ƙirin, ya bi gorar ya shiga daro, ko ɗigo bai taɓa ƙarfen ba. Na murza kaɗan tsakanin yatsuna. Babu tsakuwar ƙarfe, babu warin fetur. Alhamdu lillahi.

Filta ce mai wuyar sha'ani, don a kwance take, kuma cike take da mai. Kafin in taɓa ta na ɗaga injin sama na bar shi ɗan lokaci, abin da ke cikinta ya koma ƙasa, sannan na mayar da shi tsaye. Na cusa tsumma a ƙarƙashinta, na sassauta ta, na sa mata leda kamar safa, na ƙarasa kwancewa daga wajen ledar. Sauran man ya tsiyaye a cikin ledar, na ƙulle bakinta. Sai na nuna wa yaron mazauninta, na sa ya shafa da yatsa ya tabbatar tsohuwar robar ba ta maƙale ba. In roba biyu suka hau kan juna, kana tsakiyar ruwa man zai tsiyaye, kuma ba za ka sani ba sai inji ya fara kuka. Sabuwar na shafa wa robarta mai, na ɗaure da hannu kawai. Masu matse ta da ƙarfe suna haɗa wa kansu faɗa ne a juye na gaba.

Muna cikin haka wani dattijo, tsohon masunci, ya tsaya yana kallo. Bayan mun gaisa ya ce, "Ɗana, ai ruwa mai tafiya ne, shi zai wanke." Na ce, "Haka ne Baba, Allah ya ƙara girma." Ban ja da shi ba, don a zamanin ƙuruciyarsa gaskiya ya faɗa. Amma tun da aka tare kogin a Kainji a 1968, ruwan namu wutsiyar tafki ne, kuma a lungun nan kusan tsaye yake. Ƙasa da mu kaɗan mata suna wanke-wanke, yara suna ɗiba, ga mai shanu yana shayarwa. Cokali ɗaya na baƙin mai ya isa ya shimfiɗa wannan ƙyallin mai launi-launi a faɗin da ya fi jirgina, kuma a nan zai wuni. Abin da ya fi ba ni haushi masu watsa omo a kai. Man bai tafi ko'ina ba, nutsar da shi suka yi inda karfasa ke kiwo.

Na mayar da noti da sabuwar wosha, na zuba sabon mai 10W-40 ta mazurari, ban juye duka lokaci ɗaya ba. Kofin filtar fetur kuma na samu ruwa kwance a ƙasansa, na zubar a gwangwani, na wanke. Fetur ɗin jarka ne, ba abin mamaki ba.

Man giya, wato na ƙasan ƙafar injin inda farfela take, shi ne ya ɓata mini rai. Ina kwance notin ƙasa sai ga shi ya fito fari-fari kamar kunun kanwa, alamar ruwa na shiga. Na cire farfela, ga zaren raga ya naɗe a bayanta tam, har ya narke ya ci bakin robar da ke tare ruwa. Da wuƙa na dinga ɓanɓaro shi. Na ɗura sabon man daga ramin ƙasa har ya leƙo ta na sama, na rufe na sama tukuna sannan na zare bututun. Wannan zai riƙe ni kwana kaɗan kawai.

Bayan azahar muka tura jirgin cikin ruwa, don injin nan in ka tayar da shi a tudu robar famfonsa ƙonewa take yi nan take. Ya tashi, ruwan sanyayawa na fita da ƙarfi, gindin filta a bushe. Na kashe, na sha shayi, na dawo na duba geji, na ƙara ɗan abin da filta ta shanye.

Tsohon man yana cikin jarka, wani kafinta ya ce zai zo ya karɓa don shafe katako saboda gara. Na kira mai kayan inji a kan robar giya, ya ce sai an sako ta a motar Anacha. Kafin ta iso zan rage lodi, in riƙa duba man duk yamma. Gobe akwai buhunan shinkafa da babura biyu da za su tsallaka da sassafe.