Yau na sa wa gashina jan lalle

Garwa, Kamaru, ranar Asabar.

Yau na rina gashina ja, kuma wannan ne karo na farko da na sauya masa launi tun da nake. Lalle ba baƙo ba ne a gidanmu, domin babu biki ko salla da za ta wuce ba mu yi ƙunshi a hannu da ƙafa ba, amma ban taɓa kai shi kaina ba. Abin da ya ja ni shi ne 'yar furfurar da ta fara leƙowa ta goshina, da kuma sha'awar da na daɗe ina yi wa kan Goggo, ƙanwar babanmu, wanda yake ɗaukar ido duk lokacin da ta tuɓe ɗankwali a tsakar gida.

Kafin in yanke shawara na tuntuɓi wata mai gyaran gashi a unguwar Yelwa, na nuna mata hotunan jan gashin da ake gani a Facebook, ita kuwa ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce baƙin gashi irin namu ba ya karɓar wannan jan sai an fara kashe baƙinsa da sinadarin ferokzayid, mai ƙarfin kashi 6 ko 9 cikin ɗari, wanda yake buɗe ɓawon gashin ya cinye launinsa na asali, sannan a ɗora rinin a kai. Gashina ya sha rilaksa a shekarun baya har ya riƙa karyewa, ga shi a garin nan zafi yakan wuce digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, bayan hunturu ya gama busar da kai. Sai na ga ba zan ƙara masa wata wahala ba, na koma wa lalle.

Da sassafe muka tafi babbar kasuwa ni da Goggo. Ta wuce masu sayar da na kwali ba ta ko waiwaya ba, ta tsaya wurin wata tsohuwa mai busasshen ganye, ta ɗebo ta murza a tafin hannunta, ta shinshina, ta ce koren ganye mai ƙanshi shi ne sabo, wanda ya koɗe kuwa ba ya kamu. Na tambaye ta dalilin da ya sa take ƙin na kwali, sai ta ce: "'Yar nan, lalle ja yake yi. Duk wanda aka ce miki yana baƙi cikin minti kaɗan, an zuba masa wani abu." Gaskiyarta. Yawancin abin da muke kira dayis ko baƙin lalle yana ɗauke da sinadarin PPD, wanda kan jawo wa wasu ƙaiƙayi da kumburi da ƙuraje masu ruwa, kuma da zarar jiki ya ƙi shi, to ya ƙi ke nan. A Tarayyar Turai ba a yarda ya wuce kashi 2 cikin ɗari a rinin gashi ba, shi ya sa kuma ake shawartar mutum ya gwada rinin kanti a bayan kunne, ya jira awa 48 kafin ya shafa a kai.

Muna dawowa aka daka ganyen a turmi, aka tankaɗe da rariya, aka sake tacewa da siririn ƙyalle don kada tsakin ya maƙale a gashi. Goggo ta kwaɓa garin da ruwan shayi mai ɗumi da ruwan zoɓo da ɗan lemun tsami, ta rufe kwanon ta ajiye a inuwa ya tsima, har saman kwaɓin ya yi duhu. Ni kuma na tsefe kitsona, na wanke kan tas, na bar shi ya sha iska.

Bayan sallar azahar ta zaunar da ni a kan tabarma, ta shafa mini basilin a goshi da kunnuwa da ƙeya, ta raba gashin gida-gida, ta riƙa cusa lallen tun daga tushe har zuwa baki, sannan ta naɗe kan da leda da tsohon ɗankwali. Sanyin da na ji a tsakar kaina a cikin wannan rana mai zafi ya yi mini daɗi ƙwarai, duk da cewa nauyin kwaɓin ya gajiyar da wuyana. Na riƙe alwalar azahar har na yi la'asar da ita, domin ba za a yi shafar kai a kan kwaɓi da leda ba, amma bayan an wanke, launin da ya rage ba ya hana ruwa taɓa gashi. Muna zaune Goggo ta tuna mini hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, cewa a ranar buɗe Makka an zo da Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, kansa da gemunsa fari fat, Manzon Allah (SAW) ya ce a sauya wannan furfurar amma a nisanci baƙi. Ta ce daga nan ne dattawan da nake gani da jan gemu a masallaci suka samo abin, kuma hankalina ya ƙara kwanciya da zaɓin da na yi.

Wanke shi ne aiki mafi wuya. Bokiti bayan bokiti muka zuba, ba sabulu ba shamfu, har ruwan ya daina fita da ƙasa-ƙasa.

Da na duba madubi a cikin ɗaki sai na ga gashina baƙi kamar yadda na san shi, har ƙanwata ta ce: "Yaya, ai bai kama ba." Goggo ta kama hannuna ta fitar da ni inda ranar yamma ke dukan tsakar gida, a nan ne jan ya bayyana, ja mai duhu kamar ruwan zoɓo mai kauri, furfurar goshin kuwa ta koma launin tagulla tana sheƙi. Haka lalle yake aiki: sinadarin da ke cikin ganyensa manne wa jikin gashi yake yi, ba ya cire baƙin da ke ƙarƙashi, saboda haka farin gashi ne ke nuna shi sosai, baƙin kuma sai haske ya faɗa masa. Ƙanwata irin jan da ke cikin hotunan Facebook take so ta gani, ni kuwa wannan ya fi kwanta mini a rai, domin gashin da na taɓa da hannuna bai yi rauni ba, ya ma ƙara kauri.

Launin zai ƙara nuna cikin kwana biyu zuwa uku, kuma ba ya wankuwa, sai dai sabon gashi ya tofo, wanda yakan ƙaru da kusan santimita 1 a wata. Maƙwabciyarmu, wadda ta taso a Njamena, ta leƙo da magariba ta gargaɗe ni cewa lalle yana busar da gashi, ta kawo mini man karkar da garin cebe irin wanda matan Cadi ke amfani da shi, ta ce in shafa a jikin gashin kawai, kada ya taɓa fatar kai. A daren nan man kaɗe kaɗai na shafa. Ba zan sa shamfu ba sai ranar Talata, daga nan in tafi wurin mai kitso ta yi mini shuku.