Allurar da Maigidana Ya Sa Na Koma Kallo

Duk inda na tsaya da Land Cruiser, ko gidan mai ko wurin mai shayi, sai an sami wanda ya leƙo ta taga ya dubi maleji ya ce, "Direba, nawa take tashi?" Ba na ganin laifinsa, domin ni ma tambayar da na yi ke nan ranar da aka miƙa mini makullinta. Daga motar haya mai shan fetur na fito, tsakanin Kano da Kaduna, inda ake auna direba da yawan sawun da ya yi a yini. Da na sami aiki a wani kamfanin haƙa rijiyoyin burtsatse da ke aiki a Jigawa da Yobe, sai aka haɗa ni da wani dattijo da ya fi shekara talatin yana jan motocin gas. Shi ne maigidana a wannan sana'a, Allah ya jiƙansa. Da na tambaye shi ƙarshen gudunta, bai amsa ba. Ya ciro wata 'yar takarda daga aljihu ya manna a kan maleji, ya nuna mini ɗayan agogon, mai lamba daga 1 zuwa 5, ya ce, "Yaro, a dajin nan wannan ce allurarka. Waccan ta kwalta ce, in mun fita ka cire takardar."

Agogon nan yana ƙirga juyin da inji yake yi a minti ɗaya ne, kowace lamba dubu guda. Motar tamu akori-kura ce samfurin 79, mai injin 1HZ, wanda Toyota ta fara yi a 1990: silinda shida a jere, lita 4.2, babu tobo, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji. A takardar kamfani dokinsa kusan 129 ne idan juyi ya kai 3,800, amma ƙarfin murɗawarsa, wato abin da ke fizge mota daga yashi ko ya haye da ita tudu da kaya, yana cika ne a juyi 2,200. Na daɗe ban gane amfanin waɗannan lambobi biyu ba. A motar fetur na saba sai inji ya yi kuka sannan ƙarfi ya zo. Wannan kuwa tun yana gurnani ƙasa-ƙasa ya riga ya ba ka mafi yawan abin da yake da shi, kuma duk abin da ka ƙara bayan 3,000 ƙara ce da zafi da ƙonon mai, ribar kaɗan ce.

Wani makanike da muke kai wa gyara ne ya warware mini dalilin, yana riƙe da fistin a hannu, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin silinda. Ya ce in ɗaga in ji nauyi. Injin gas ba shi da fulogi mai tartsatsi. Matse iska yake yi har ta yi zafin da man zai kama da kansa, kuma a 1HZ matsin ya haura ninki 22. Ƙarfen da zai jure wannan dole ya yi kauri. Fistin ɗin yana tafiyar santimita 10 sama, 10 ƙasa a kowane juyi, ke nan a juyi 3,800 yana cin mita 760 a minti ɗaya, kuma a kowane ƙarshe sai ya tsaya cak ya juyo. Ga shi man gas yana buƙatar ɗan lokaci kafin ya gauraya da iska ya ƙone. In ka hanzarta shi fiye da kima, wani sashe bai gama ci ba za a buɗe masa ƙofa ya fice ta salansa. Shi ya sa jan layin motar gas yake farawa a wajajen 4,000, alhali na motar fetur yakan kai 6,000 ko fiye.

Duk da wannan bayani, sai da na yi ɓarna kafin abin ya zauna mini. Cikin watan Afrilu ne, maigidana ba shi da lafiya, aka tura ni ni kaɗai da bututu da siminti daga Kano zuwa wajen Gashuwa, ana jirana. Tun daga Wudil na danne totur. A motar nan kilomita 100 a giya ta biyar juyi kusan 2,700 ne, ni kuwa na riƙe ta a 125 zuwa 130, allura tana lilo a kan 3,500, na fi awa biyu a haka, rana tsaka, kaya fal a baya. Ban kula da agogon zafi ba sai da na ji ƙarfi ya ragu, na duba na ga allura ta kusa ja. Na tsaya, na jira, na ƙara ruwa, na lallaɓa na isa. Bayan kwana uku lagireto ya fara tafarfasa ko da safe, farin hayaƙi yana fita. Da aka sauke kan injin aka tarar ya tsage tsakanin bawul biyu, wato ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi. Mota ta yi sati biyu a gareji, ma'aikata suna zaune a ƙauye babu kayan aiki, mutanen garin kuma suna ci gaba da jan ruwa daga nesa. Wannan na ƙarshen ya fi damuna har yau.

Da na je gaishe shi, maigidana bai yi mini faɗa ba. Lissafi ya sa ni. Ya ce, "Kilomita 100 a gudun 100, minti nawa?" Na ce sittin, Baba. "A gudun 120 fa?" Na ce hamsin. Ya ce, "To minti goma ka saya da kan inji. Sauri ya haifi nawa." Daga baya na ƙara fahimtar cewa iskar da mota ke turawa ba daidai da gudu take ƙaruwa ba, ninkuwa take yi: daga 100 zuwa 120 turjiyarta tana ƙaruwa da kashi 44 cikin 100. Land Cruiser kuwa gabanta a tsaye yake kamar bango, balle an ɗora mata kaya a sama. Inji yana zuba ƙarfinsa ne wajen kokawa da iska, tankin mai yana zubewa, zafi yana taruwa.

Sai kuma na faɗa ɗaya ramin. Tsoron jan layi ya sa na koma saka giya ta biyar tun daga gudun 50, ina ganin tausayin inji nake yi. Wata rana muna hawa wani tudu da ganguna cike da ruwa, allura tana kan 1,200, na danne totur har ƙasa, mota tana karkarwa, baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayanmu. Baba ya buga mini cinya ya ce, "Sauke giya! Shaƙe shi kake yi." Wannan ya fi ba ni mamaki fiye da na farko, domin babu ƙara, babu alamar wahala a kunne. Ashe idan juyi ya yi ƙasa kuma kaya ya yi nauyi, famfon mai yana zuba mai da yawa a cikin iska kaɗan, fanka da famfon ruwa suna juyawa a hankali, kowane bugu kuma yana sauka da nauyi a kan ƙarafan da ke riƙe da karanshaf, sandar da fistin ke juyawa. Zafin da ke cikin silinda yakan yi sama tun agogon ruwa bai motsa ba, fistin kuwa na alminiyam ne, wanda ke narkewa a wajen digiri 660. A ganina direbobinmu sun fi kashe inji ta wannan hanya fiye da ta gudu, saboda kowa yana ɗauka tattalin mai yake yi. Baƙin hayaƙi mai ne da aka saya da kuɗi bai ƙone ba.

Tun daga nan na tsayar wa kaina iyaka a wannan inji: tafiya tsakanin 1,800 da 2,800. In zan wuce babbar mota ko in haye tudu, ina barinsa ya kai 3,200 ko 3,500 na ɗan lokaci, ba ya cutar da lafiyayyen inji mai ruwa da baƙin mai isasshe. Daɗewa a can ne matsala.

Wurin da ya fi kowane haɗari, wanda kuma ba a cika faɗa wa sababbin direbobi ba, shi ne gangara. A cikin famfon mai akwai abin da makanikai ke kira gwamna, wanda ke rage mai idan juyi ya kai iyaka, shi ya sa ko ka danne totur a tsaye inji ba ya wuce wani mizani. Mutane da yawa sun dogara da shi, suna cewa injin gas ba ya wuce ƙa'ida. Gwamna mai kawai yake iya yankewa. Idan kana saukowa Hawan Kibo daga Jos, ko gangaren Mambila daga Nguroje zuwa Mayo Selbe, tayoyi ne ke juya inji, nauyin mota ne ke tura shi, kuma babu abin da gwamna zai iya yi. A motarmu gudun 100 a giya ta huɗu juyi kusan 3,200 ne; ka jefa ta uku a wannan gudun, allura za ta haura 4,500 cikin ƙiftawar ido. A nan bawul ke kasa rufewa a kan lokaci, fistin ya same shi. Na taɓa ganin injin wata Hilux da aka yi wa haka a gareji, bawul sun lanƙwashe kamar ƙusoshin da aka buga a dutse. Direban birki ne ya yi masa zafi, ya tsorata, ya nemi ƙaramar giya a makare. Abin da Baba ya koya mini shi ne a zaɓi giya tun a saman tudu, kafin mota ta ɗauki gudu, kuma giyar da za ta hau da kai ita ce za ta sauko da kai. In allura ta doshi 3,000 sai ka taka birki sosai na ɗan lokaci, ta sauko, ka saki ya huce. Ɗora ƙafa a kansa tun daga sama har ƙasa shi ke ƙona shi.

Yashi kuma da nasa karatun. A tuddan Yusufari da hanyoyin Machina mukan rage iskar taya, mu sa 4H ko 4L, wato jan ƙafa huɗu, mu riƙe juyi wajen 2,000 zuwa 2,500 ba tare da canza giya a tsakiyar laushi ba, domin da ka taka kuloci mota ta zauna. Wanda ya maƙale ya ci gaba da danna totur kabari yake haƙa wa tayoyinsa. Abin da ake mantawa shi ne fitowa: a cire ta daga jan ƙafa huɗu kafin a hau kwalta, a kuma mayar da iska. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana lanƙwasa a kowane juyi, ta yi zafi daga ciki, ta fashe ba sallama.

A nan ne na gane cewa amsar "nawa take tashi" ba a inji take ba ma. A jikin kowace taya akwai harafi bayan lambar nauyi: L na nufin kilomita 120 a awa, N 140, Q 160, S 180. Wannan kuwa ga sabuwar taya ne mai cikakkiyar iska da kaya daidai. Akwai kuma lamba huɗu da ke nuna sati da shekarar da aka yi ta; 2318 na nufin sati na 23 na 2018. Tayar kwance da ta shekara bakwai, a kan kwaltar Potiskum zuwa Damaturu da azahar, ba ta san da wannan harafi ba. Ga motar doguwa ce, nauyinta a sama yake, ta fi tan biyu ko babu kaya. Ƙaramar mota in taya ta fashe tana iya yin tangal-tangal ta tsaya. Wannan kifewa take yi. Wanda ya sa manyan tayoyi kuma ya sani malejinsa ƙarya yake yi masa, yana nuna ƙasa da ainihin gudun. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta sa iyakar 100 ga ƙananan motoci a babbar hanya mai tagwaye, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari. Ni da kaya ba na wuce 90, kuma ban taɓa jin na makara saboda haka ba.

Yanzu Hilux nake ja, mai injin 2GD, lita 2.4 da tobo da kwamfuta. Ƙarfin murɗawarsa yana cika tun daga 1,600 zuwa 2,000, ya fi na tsohon 1HZ duk da ƙanƙantarsa, kuma a gudun 100 a giya ta shida allura ba ta kai 2,000 ba. Wannan shi ne haɗarinta: shiru take, ba ta gaya maka kana gudu. Tsohuwar Land Cruiser in ka wuce 110 kunnenka ma zai hana ka. Wannan kuwa sai ka duba ka ga 140 kana hira. Inji ya ci gaba, amma tsayin motar da tayoyinta da ramukan hanya da shanun da ke tsallakawa suna nan yadda suke. Tobo kuma yana da haƙƙinsa biyu da ban taɓa tauyewa ba. Da safe, musamman lokacin hunturu, ina barin baƙin mai ya zagaya na ɗan lokaci, in tashi a hankali ba tare da wuce 2,000 ba sai allurar zafi ta motsa. In na sauka daga doguwar tafiya ko hawa, ina barin inji yana aiki a tsaye minti ɗaya ko biyu kafin in kashe, domin tobo yana juyi sama da dubu ɗari a minti, in mai ya yanke masa yana da zafi sai ya ƙone a kan sandarsa. Tobon da ya lalace yana iya tura baƙin mai cikin silinda, inji ya riƙa cinsa yana hauhawa ko an zare makulli. In haka ta faru, a motar da ke da kuloci, a taka birki da ƙarfi, a sa babbar giya, a saki kuloci ya mutu.

Watan jiya aka haɗa ni da wani saurayi da ya fito daga haya, kamar yadda na fito. Muna barin Haɗeja za mu shiga daji ya leƙa maleji ya ce, "Oga, wai 200 ɗin nan da aka rubuta tana kaiwa?" Na ce ya tsaya a gefe. Na yago takarda daga littafin mai, na manna a kan maleji, na nuna masa ɗayan agogon, na ce ya riƙe mini allurar tsakanin 1,600 da 2,500 har mu isa inda ake haƙa.