Koren zobe a tsokar ɓera

Laraba, bayan isha'i.

Alhamdu lillahi, yau aikin ya fito, bayan mako biyu ina fama da shi. Tun bakwai da rabi na shiga ɗakin gwaji, na ciro gilasan da ke ɗauke da siraran yankan tsokar ɓera, waɗanda suka kwana a firiji da antibodin distirofin (antibodi furotin ne da ke neman abu guda ya manne masa, wannan kuwa distirofin yake kamawa, wani furotin na tsoka), na wanke su sau uku, na zuba antibodi na biyu mai koren launi, wanda ke manne wa na farkon ya nuna inda yake, na rufe don kada haske ya cinye launin. Awa ɗayar da na jira ko shayin da na haɗa ban iya sha ba.

Da na shiga ɗakin duhu na fara ɗora yankin tsokar lafiyayyen ɓera a kan na'urar ganin ƙananan abubuwa. Kowane zaren tsoka da siririn koren zobe kewaye da shi, zobe manne da zobe, kamar saƙar zuma. Sai na ɗora na ɓeran mdx, wanda aka haifa ba ya yin distirofin. Duhu ƙirin. Na yi ta zagaya gilashin har na iske wasu zaruruwa uku a wuri guda suna haske. An san da irinsu, 'yan tsirarun da kan dawo da yin furotin ɗin da kansu. Na kira malamata ta leƙa, ta daɗe ba ta ɗago ba, sannan ta ce, “To, yanzu ne na yarda da wannan antibodin.”

Wannan duhun ne ya fi faranta mini rai. Makon jiya tsokar mdx ma haske take yi ko'ina, har na fara tunanin an ba ni ɓeran da ba shi ba. Ashe laifina ne. Antibodin farko a jikin ɓera aka samo shi, na kuma zuba shi a kan naman ɓera, sai na biyun ya bi ya kama duk antibodin da ɓeran yake da shi tun asali, musamman wanda ya kwarara cikin zaruruwan da suka fashe. Da na koma kan wanda aka samo daga zomo, hasken ƙaryar ya ɓace. Kwalbar ba ta kai ɗan yatsa ba, ga tsada, amma abin da aka rubuta a jikinta bai isa hujja ba sai na ga ta yi shiru a inda furotin ɗin babu.

Shi distirofin dogo ne, yana kwance a ƙarƙashin tantanin da ya lulluɓe zaren tsoka, ya ɗaure zaren aktin na ciki da furotocin da suka ratsa tantanin zuwa waje. Azara yake tuna mini, wadda ke riƙe soro ba a ganinta daga waje. In babu shi, duk motsin da tsoka ta yi sai tantanin ya ɗan yage. A 1987 Eric Hoffman da Louis Kunkel suka gano shi a Boston, kuma da antibodi suka nuna babu shi a tsokar yara masu ciwon Duchenne, ciwon gado da ke lalata tsoka.

Ina cikin ɗaukar hotuna na tuna wani yaro a layinmu sa'ad da muke ƙanana, mai alamu irin na wannan ciwon. Sha-raɓarsa manya-manya kamar na ɗan ƙwallo, amma in ya zauna ƙasa sai ya dafa gwiwoyinsa, ya hau cinyoyinsa da hannu kafin ya miƙe. Wasu suka ce shan inna, wasu suka ce iska. Mahaifiyarsa ba inda ba ta kai shi ba. Sai da na kashe fitilar na'urar na ɗan zauna kafin na iya ci gaba.

Da la'asar na yanka jijiyar ƙafar ɓeran a injin sanyi, na jera a gilashi takwas. Gobe in Allah Ya kai mu zan gwada antibodin ankirin-G, furotin da ke tara ƙofofin sodiyam a gaɓoɓin Ranvier inda saƙon jijiya yake tsalle. Shi ma na zomo na zaɓa, na riga na zuba shi a kansu, zai kwana a firiji.