Zoɓon Aswan da zoɓon Garwa

Kwana huɗu ke nan da dawowarmu, ƙurar hanya ba ta gama fita daga kayana ba. Daga Garwa muka bi Marwa zuwa Kuseri, muka haye gadar Ngeli muka shiga Njamena, jirgi ya kai mu Alƙahira. A wani shinge kafin Kuseri wani jandarma ya riƙe takardunmu kusan awa guda a cikin rana, yana juya katin riga-kafi kamar bai taɓa ganin irinsa ba. Allah ya shirya. Daga Alƙahira jirgin ƙasa na dare ya sauke mu Aswan da hantsi.

Abin da ya kai ni otal ɗin Old Cataract shi ne sana'ata, domin shekaruna da yawa ina haɗa lemon biki. An gina shi a 1899 a kan dutse a bakin Nilu, yana fuskantar tsibirin Elefantin. Daga barandar kana hango jiragen ruwa masu filafilan zane, da hubbaren Aga Khan can a kan tudun yamma. Da la'asar sai na tuna bakin Binuwai, sai dai ruwansu shuɗi ne, namu ja.

Wurin akwai giya, ba a ɓoye take ba, kwalabe jere har sama. Wanda ba ya sha sai ya faɗa baki buɗe: "bidun kuhul", wato ban da barasa. Kuma kada ka tsaya nan. Akwai wata 'yar kwalba mai ɗaci da suke ɗiga digo biyu a haɗe-haɗe da dama, Angostura, wadda barasar cikinta ta haura kashi 44 cikin ɗari. Ka ce ita ma kada a sa. Larabcin Chadi da Yaya take ji ya isar mana, mai haɗawar ya gane nan take.

Da ya ajiye kofin sai Yaya ta ce, "Ke, ai folere ne!" Shi ne kuwa, zoɓo ne, haka muke kiransa a Garwa. Su karkade suke cewa, 'yan Njamena karkanji. Amma kurɓar farko ta nuna min ba hannu ɗaya ba ne. Na roƙi in tsaya kusa da shi in ga na biyu, ya yarda, har yana rage sauri saboda ni.

Ba ya tafasa zoɓon. Jiƙa shi yake yi a ruwan sanyi, kamar giram 50 a lita guda, ya kwana a firiji. Tafasa mai tsawo ita ke fito da baurin nan mai kama harshe, shi ya sa mu muke ta ɗura sukari don mu rufe shi. Sukarin ma ba ya zubawa gari: kofi guda na sukari, kofi guda na ruwan zafi, a narke, a huce, a zuba a kwalba. Garin sukari ba ya saurin narkewa a abu mai sanyi, ƙasa yake kwanciya, sai farkon kofi ya yi tsami ƙarshensa ya yi zaƙi cau. Komai da ma'auni, wani ɗan ƙarfe mai baki biyu: zoɓo mililita 60, ruwan lemon tsami 20, ruwan sukari 20. Ya zuba a gwangwanin girgizawa, ya cika shi da ƙanƙara, ya girgiza da ƙarfi daƙiƙa goma sha biyu ko makamancin haka, har bayan gwangwanin ya yi raɓa. Girgizar ba ado ba ce. Ƙanƙarar da ta narke a ciki ita ke sassauta tsamin. In ka gaza ya yi kaifi, in ka wuce ya yi lami.

Lemon tsamin a gabana ya yanka, kuma bai matse shi har ɓawo ba, don farin cikin ɓawon ɗaci gare shi. Mu kan matse da asuba mu yi biki da yamma, sannan mu ce lemon ne ba kyau. Na'ana'a kuwa sau ɗaya ya tafa ta a tafin hannu ya ɗora a sama. Dakakkiyar na'ana'a ɗanɗanon ciyawa take bayarwa.

Launin ne ya fi tsaya min a rai, ja garau kana ganin fitila ta cikinsa. Tsami ke ƙara wa zoɓo ja. Kanwar da wasunmu ke sawa don kashe tsami ita ke mayar da shi baƙi-baƙi, tukunyar dalma kuma ta ba shi ƙarnin ƙarfe. Sai ƙanƙara: dunƙule guda babba, tas kamar gilashi, ta daɗe ba ta narke ba. Ana samunta in an daskarar da ruwa a cikin kula ba murfi, sanyi ya sauko daga sama, iskar ta taru a ƙasa, a yanke farin a yar. Da yadda ake ɗauke mana wuta a watan Afrilu wannan zai yi wuya, amma zan gwada.

Kuɗin kofi ɗaya zai shayar da 'yan walimar suna a gida, wannan gaskiya ne. Sai dai ban ji an cuce ni ba. Mutumin ya goge bakin kofin, ya ajiye da hannun dama, bai tsaya mana a ka ba. Masu hidimar bikinmu su koyi wannan kafin su koyi girgizawa.

Washegari a kasuwa na ga goruba da tsamiya jibge, duka ana shan ruwansu. Mai zoɓo ya fara da farashin Turawa, muka sauko da shi kusan rabi bayan Yaya ta juya baya sau biyu. A zaɓi mai cikakken kai, ba gutsattsari ba, a murza a ɗanyen yatsa a sunsuna.

Wani Banube mai jirgin ruwa ya kai mu gidansu, mahaifiyarsa ta ba mu shayi ta hana mu biya. Mun leƙa babbar madatsar ruwa. Luksor kwana ɗaya, zafi kamar Kuseri. Kilo biyu na karkade na taho da shi, rabin kilo yana jiƙe a firiji yanzu, gefe da na kasuwar Garwa, in ga wanne zai fi ja.